Yadda Za Ka Gyara Wutar Jirgin Wasa Ba Tare da Ka Leƙa Cikin Dutse Ba

Kwantar da hankalinka, ka faɗo hannun gwani. Ni ne Fulgencio Barraza, shekara talatin da ɗaya ina kula da fitilun tashar jirgin ƙasa a garin Junín, yanzu kuma ni ne mai wuta a ƙungiyarmu ta tsofaffin ma'aikatan dogo. Muna da layin jirgin wasa a kan wani ƙaton tebur, da tashoshinsa, da shanun roba, da dutse mai rami wanda jirgi ke shiga ya fito. Bi matakan nan, ni na tsaya maka: za ka kwana uku kana gyara ba wanda ya gano kai ka ɓata.

Mataki na 1: Ka san laifinka, ka haɗiye shi

A ce ranar Alhamis da hantsi kai kaɗai ne a ɗakin, tarago ya sauka daga layi a cikin ramin dutsen. A ce hannunka bai kai ba, sai ka zare bombiya, bututun ƙarfen nan na zuƙar mate, shayin ganyen da muke sha, ka zura, ta suɓuce. Layin ƙarfe biyu ne, kowanne da wutarsa, ba a so su gaisa. Bombiya ta kwanta a kansu ta haɗa zumunci. Jan ƙwan gargaɗi ya kama a taransifoma, komai ya tsaya cik.

Na ce "a ce". Misali ne.

Kada ka zura waya don jawo ta, ƙara tura ta lungu za ka yi. Dutsen kuwa Doña Nélida, shugabar ƙungiya, ta shekara uku tana gina shi da jarida da gam, ko ƙofa ba ta bar masa ba. Ga kuma sunanka ɓaro-ɓaro a jikin bombiyar.

Mataki na 2: Sha mur

Da mutane sun shigo, riga su ɓata rai. Riƙe ƙugu ka tambaya, "Wa ya taɓa wani abu jiya?" Kowa ya taɓa wani abu jiya, saboda haka kowa zai sunkuyar da kai.

Za a tuna maka cewa Lahadi ce ranar Don Evaristo. Tsohon direban jirgi ne, shekararsa tamanin da tara, ran Litinin 'yarsa za ta tafi da shi Córdoba, tafiyar da duk mun san ba dawowa. Abu ɗaya ya roƙa: ya tuƙa ɗan baƙin injinsa ta cikin dutsen sau ɗaya kafin ya tafi. Ka ce, "Lahadi? Ai ƙaramin aiki ne."

Mataki na 3: Shige ƙarƙashin tebur

Ba a yi wa ƙafafu tambaya. Kwanta rigingine a cikin wayoyi, riƙe sukundireba, kowane minti biyar ka ce "Tabɗi!"

In aka ce, "Fulgencio, yau ba mate ne?" tunda kai ke zagayawa da shi kullum, ka ce likita ya hana ka. Za a yi maka sannu, har a kawo maka burodi mai zaƙi.

Mataki na 4: Raba laifin, kada ka yi rowa

Fara da laimar da ke ɗakin. Koma kan kyanwar maƙwabta. In sun ƙare, nuna kowace waya ka girgiza kai, ka ce, "Wannan haɗin marigayi Cacho ne, mai wutarmu na da." Masana sun tabbatar ba wanda ya kai mamaci haƙuri da zargi.

Mataki na 5: Ka ji tsoron mace mai mita

Ranar Asabar Doña Nélida za ta zo da mitar gwajin wuta a jakarta. Shekara ashirin ta yi tana sayar da tikiti, ba ta yarda da fuskar kowa.

"Fito daga nan, malalaci," in ji ta. "A cire wayoyin sashe-sashe. Wanda muka cire jan ƙwai ya mutu, nan ɓarnar take."

Kash, haka ake yi, kuma minti ashirin ne aikin. Dole ka tashi tsaye. Ka ce, "Haba Doña, ai wannan dabarar 'yan koyo ce." Fara daga sashen da ya fi nisa da dutsen. Kwance kowace ƙusa kamar mai cire ƙaya. In kun kusa isa dutsen, cire batirin mitar ka jefa aljihu.

"Saura dutsena," za ta ce.

"Dutsenki? Aikin hannunki? Ni ba zan zarge shi ba."

Za ta ji daɗi, ka samu kwana ɗaya.

Mataki na 6: Kada ka kalli Don Evaristo

Wannan shi ne mafi muhimmanci, kuma nan na faɗi.

Lahadi da azahar ya zo da hularsa ta aiki, an goge ta. Ya ɗora injinsa a layi, ya murɗa makunni. Jan ƙwai. Ya sake murɗawa. Sai ya cire hular ya ɗora a gwiwa.

"Bar shi, Fulgencio," ya ce. "Na saba. Na gasken ma haka suka tsaya, ba wanda ya gaya mana dalili."

Na rantse maka, kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Ban san lokacin da na dunƙule hannu na luma a cikin dutsen ba. Doña Nélida ta kurma ihu, shanu suka zube, na zaro bombiya duk gam. Ƙwai ya koma kore.

Ta fizge ta, ta karanta sunan da ƙarfi, har da sunan ubana.

Don Evaristo ya mayar da hularsa. Injin ya tashi, ya shiga rami, muka gan shi yana wucewa ta ɓular da na yi. Sau tara ya zagaya.

"Tun Alhamis na sani, ja'iri," ya ce, idonsa na kan layi. "Shekara arba'in ban taɓa ganin aljihunka ba bombiya ba. Likita! Jira nake in ga tsakanina da dutse wa ya fi a wurinka."

Sanarwa

Marubucin ba shi da alhakin duk abin da ya same ka, ko dutsenka, ko mutuncinka. Kada ka kawo ƙara, hannuna duk gam ne: an yanke mini hukuncin sake gina dutsen, da ƙofa a baya. Kada kuma ka zo aron bombiya. Tsohon ya sa ta a aljihu ya tafi da ita Córdoba, wai don kada in sake ɓata wa mutane wuta. 'Yarsa ta ce da ita ya sha mate kowace safiya, har ta ƙarshe a rayuwarsa.