Shanun Kawu da laccar gyaran duniya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban iyayen yara ina koya wa ƙasashen duniya yadda za su tsare arzikinsu ba, alhali na riga na gama da na kawuna ban ma sani ba.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba. Jalingo ta cika da sababbin ofisoshi, kowa na jin shi wani ne. Ni malamin tattalin arziki ne a wata sakandare a Mayo Gwoi, kuma an taɓa tura ni bita ta mako ɗaya a Kaduna. Mako ɗaya fa. Amma da na dawo sai ka ce ni na ƙirƙiro naira. A teburin mai shayi, a wurin suna, a layin mai, ba ni da zance sai bashin ƙasashe da faɗuwar darajar kuɗi da yadda manyan bankunan duniya ke juya mu. (Matata ta ce ko gishiri ta ce mini ya ƙare sai na kawo mata zancen dala.)

Kawu wan mahaifiyata ne, Bafulatani, yana zaune a wajen Lau. Shi ya sayar da bijiminsa aka sa ni a makaranta. Shanunsa ba su da yawa, kuma ba ya tara su wuri ɗaya. Al'adarsu ce in ɗan'uwa ya rasa dabbobi ka ba shi aron saniya, ya riƙe ta, ya sha nononta, in ta haihu ɗan nasa ne, sannan ya maido maka da uwar. Ranar da ciwo ya shiga naka garken, kai ma haka za a yi maka. Saboda haka shanun Kawu a warwatse suke, wata a hayin kogi, wata a gindin dutse, wata a hannun wani Buba da ko dangantakarmu da shi ban iya warwarewa ba.

Ni kuwa abin nan ya tsaya mini a rai. Dukiya a hannun mutane, ba takarda, ba sa hannu, ba riba? Ana cikin haka wani kamfanin ajiya ya buɗe ofis kusa da kasuwar Jalingo, da ƙofar gilashi da fanka da manaja mai kwat da taye a cikin zafin nan namu. (Wallahi tayen ne ya cuce ni.) Suka ce kuɗinka zai riƙa haihuwa duk wata. Na hau mota sai Lau.

Kawu ya saurare ni har na gama, sannan ya ce da Hausarsa ta Fulani, "Ɗana, saniya in ya kwana ina ganin shi da safe. Takarda fa?"

Na yi dariya. Na ce masa saniya tana mutuwa, ana sace ta, amma takarda ba ta ciwon huhu. Ya tambaya ko ba kuɗin ruwa ba ne, na rantse masa kasuwanci suke yi da kuɗin, ni da ban taɓa ganin ko buhun shinkafa ɗaya a ofishinsu ba. Wata uku ina yi masa naci. A ƙarshe ya ce, "To, kai ka yi karatu."

Muka bi ruga-ruga muna karɓo shanun aro, wasu da ciki, wasu ko shekara ba su yi a hannun masu su ba. Kusan ba wanda ya yi mana musu, sai dai fuskokin. Akwai wata mata da mijinta ya rasu, 'ya'yanta da nonon saniyar Kawu suke rayuwa. Ta kwance igiyar ta miƙo mini ba ta dube ni ba. Buba ne kaɗai ya ƙi. Ya ce, "Sai ta haihu, haka muka yi da shi." Na kira shi macuci, na ce zan kai shi gaban alƙali, har sai da Kawu ya ja hannun rigata muka tafi. Sauran muka kora kara, kasuwar shanu, muka sayar, na kai kuɗin da hannuna, aka ba mu ɗan littafi mai shuɗin bango.

Bayan 'yan watanni aka zo ranar rabon kyaututtuka a makarantarmu. Shugabar makarantar, wadda duk muke kira Madam, ta ce in yi wa iyaye bayani da Hausa a kan abin da ya sa kaya ke tsada. Minti goma ta ba ni. Ni kuma na rubuta shafi tara, na sa masa suna "Yadda za a hana tattalin arzikin duniya durƙushewa". Na aika wa Kawu lalle ya zo, don na shirya in nuna shi a matsayin makiyayin da ya waye.

Ya iso ana dab da farawa, da sandarsa da malfarsa. Ya riƙe ni a bakin zauren ya ce, "Ɗana, ina da magana."

Na ce, "Bayan taro, Kawu." Na kai shi layin gaba na zaunar.

Kai, ranar na zuba. Na ce ƙasar da ta jingina da abu ɗaya tana tare da wahala, dole a rarraba dukiya don in nan ya faɗi can ya tsaya. Na ce manyan ƙasashe su riƙa ba wa wadda ta durƙushe rance mai sauƙi, kuma kada su shaƙe ta da biya kafin ta miƙe. Na ce a canza tsarin bankunan nan na duniya, a ba talaka kujera a wurin da ake yanke masa hukunci. Aka yi tafi. Wani baƙo daga ma'aikatar kuɗi yana ta gyaɗa kai, ni kuwa har na fara hango kaina a ofis mai fanka.

Da na tsaya nan da na tsira. Sai na ce, "Ga misali a gabanku. Kawu, taso ka gaya wa jama'a inda dukiyarka take yanzu."

Ya girgiza kai. Na ɗauka kunyar Fulani ce. Na sauko da kaina, na kamo hannun dattijon nan, na kai shi gaban lasifika. (Ni na kamo shi. Wannan ne ba na iya yafe wa kaina.)

Ya cire malfa, ya yi sallama, ya ce, "Jama'a, ni ban yi boko ba. Amma abin da ɗana ya faɗa gaskiya ne. A raba dukiya wuri-wuri, a ba wanda ya faɗi aro, kar a karɓe kafin ya tashi. Haka muke yi da, kafin ya hana ni."

Wasu suka yi dariya, ni ma na yi yaƙe. Sai ya zaro littafin nan mai shuɗin bango daga aljihu.

"Yau da safe na biya ofishin mutanen. Kwaɗo ne a ƙofa. Mai gadi ya ce tun shekaranjiya sun kwashe har kujeru, shi ma yana neman su. Shi ne nake so in gaya maka ɗazu." Ya juyo ya dube ni, kuma wallahi ba gatse a muryarsa, tambaya yake da gaske. "Tunda ka san yadda ake gyara na duniya, ko akwai dabara a nawa?"

Can wata mata a baya ta ce, "Wane ofis? Na bakin kasuwa?" Ashe ba Kawu kaɗai na yi wa wa'azi ba. Benci ya fara ƙara, mutane suka soma fita da sauri-sauri, Madam da kanta ta ɗauki jaka ta bi su. Aka bar ni da shafi tara a hannu, da Kawu, da tulin kyaututtukan yara a kan tebur.

Kuɗin ba su dawo ba. Na yi zarya har takalmina ya cinye, na rubuta takardun koke da Turanci mai kyau, ko amsa ban samu ba. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne, da Kawu ya koma Lau ba wanda ya kawo masa aron saniya. Kuma ba su yi laifi ba, mu muka fara kwance igiya. Aka gaishe shi, aka jajanta masa, aka bar shi da turke babu komai. Dattijon da ke ba mutane aro ya koma kiwon shanun wani ɗan kasuwa ana biyan sa.

Bayan damina sai ga Buba, wanda na kira macuci, ya koro saniyar nan da ƙafa tun daga hayin kogi. Ta haihu, alkawari ya cika, ya maido uwar. Ita kaɗai ta rage wa Kawu a duniya, kuma ta rage ne don mutum ɗaya ya ƙi jin maganata.

Har Kawu ya rasu bai ƙara tayar mini da zancen ba. Da ma zagina ya yi, da na samu sauƙi. In na je gaishe shi sai ya sa a ɗebo mini nonon saniyar nan, ya zauna yana kallo har in shanye.

Yanzu in na ji a rediyo manya sun taru za su gyara tattalin arzikin duniya, sai in rage murya in yi musu addu'a, don na san yadda tafi ke da daɗi. Abin da na koya bai fi wannan ba: duk mai tayen da ya zo koya maka tsaron dukiya, fara tambayarsa shanu nawa ya taɓa riƙewa. Ni da aka saurara, ko akuya ban taɓa ɗaurewa ba.