Yadda Za Ka Kayar da Mutum-mutumi a Ƙuri'a Ka Ceci Mangwaron Babanka

Bi matakan nan sau da ƙafa, na yi maka alkawari babu injin da zai sake fin ka baki a gonar gado. Na gwada su a kan maƙwabcina Attahiru na Liba, kuma yana nan da ransa.

Ga yadda abin yake. Ƙungiyar manoman albasa ta raba mutum-mutumi, uku ga kowace gona: na ban ruwa, na cire ciyawa, da na ɗaukar kaya. Sharaɗin shi ne duk shawarar gona sai an kaɗa ƙuri'a, mutum da tasa, inji da tasa. Attahiru da ƙanensa Sabi'u su biyu ne kacal. Kai ma ka hango matsalar.

1. Kada ka kawo musu tarihi

Injunan sun kawo shawarar a sare mangwaron tsakiyar gona, wai inuwarsa na hana albasa ƙosawa, kuma yana tare musu hanya. Attahiru ya miƙe ya ba su labarin yadda marigayi babansu ya dasa shi shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato. Har da hawayensa. Na ban ruwa ya ce, "An ji. Bayanin bai shafi albasa ba." Ka adana hawayenka, babu inda za su zuba su.

2. Duba gidanka kafin ka duba abokan hamayya

Ka ja ƙanenka gefe tun da wuri. Attahiru ya makara.

"Yaya, iccen ga ba shi ba mu komi sai ganye da jemage," in ji Sabi'u.

"Kai Sabi'u, ƙarhe za ka bi ka bar ɗan'uwanka?"

"Gaskiya zan bi, Yaya. Ita ce tab bi ƙarhe."

3. Fita kamfe

Goge musu farantin sola da hannun rigarka. Shafa musu giris. Kira na cire ciyawa "ranka ya daɗe". Za su gode maka da ladabi, sannan su kayar da kai a ƙuri'a, kamar yadda suka kayar da Attahiru huɗu da ɗaya, aka sa ranar sara. Masana sun tabbatar inji ba ya jin nauyin wanda ya kyautata masa, abin da ya sa har yau ba a taɓa ba shi sarauta ba.

4. Kada ka cire wa kowa batir

Attahiru ya cire na mai ɗaukar kaya don a rage musu yawa. Sauran biyun suka tsaya cak, suka ce ba sa aiki sai tawaga ta cika. Albasa ta kwana ba ruwa, ganyenta ya fara langaɓewa. Da gudu ya mayar, har da ba da haƙuri.

5. Kai ƙara gun Inna

Wannan shi ne matakin gaske, sauran duk motsa jiki ne. Inna Kande, mahaifiyarsu, ta saurari Attahiru har ƙarshe. Ranar sara, da hantsi, sai ga ta da tabarma da buta da carbi. Ta shimfiɗa a gindin mangwaron, ta jingina.

Ka sani an ƙera injunan nan ba sa kusantar mutum da zarto a kunne. Na ɗaukar kaya ya tsaya daga nesa ya ce, "Hajiya, a taimaka a matsa."

"Kai ƙarhe, ran da anka dasa iccen ga kana ina? Ni na ɗebo ruwan da anka ba shi, da cikin wanga marar kunya." Ta nuna Sabi'u da carbi. Sabi'u ya tuna yana da aiki a can ƙarshen gona.

6. Bar rana ta yi maka yaƙi

Bazara ce. Inna na inuwa, injuna na jira a fili. Kafin azahar jikinsu ya ɗau zafi, suka fara ƙara kamar injin niƙa. Na ciyawa ne ya fara silalowa ƙarƙashin reshe, sauran suka biyo shi a hankali. Da suka huce, su da kansu suka nemi a sake ƙuri'a. Mangwaro ya tsira, babu wanda ya ƙi, har Sabi'u daga nesa ya ɗaga hannu.

7. Karɓi nasararka da haƙuri

A zaman nan dai suka kawo wata shawara: inuwar ta zama wurin hutun injuna kaɗai kullum da rana tsaka, ban da gurbin tabarmar Inna. Rinjaye ya amince. Yanzu in ka bi ta Liba da azahar za ka ga Attahiru tsugune a bakin fangalin albasa, rana na dukansa, yana shan fura, yana kallon iccen babansa da alfahari.

Gargaɗi

Ni ban san ka ba, ban san innarka ba, kuma ban taɓa cewa ka kai ta gona ba. In ta saba da injunan, ruwanka. Inna Kande yanzu na ɗaukar kaya ne ke raka ta kasuwar Maiyama, tana gaba yana biye da kwandonta, duk wanda ta gamu da shi sai ta ce masa ga autanta. Sabi'u, wanda shi ne autan, ya daina gaishe ni.