Masai Ya Dawo da Ajiya a Gidan Jakite

Korotumu ba ta taɓa zubar da ruwan wanke-wanke da zafinsa ba. Sai ta ajiye shi gefen murhu ya huce, ta sa ludayi ta yaɗe man da ya taso ta zuba a gwangwanin tumatir, sannan ta tace sauran kafin ta tura shi magudana. Shekara talatin da 'yan kai mijinta, Sambu Jakite, yana kallonta daga kujerarsa yana cewa ko miyar gyaɗar da aka riga aka cinye ba ta tsira daga rowar matar nan ba. Ita dai sai ta ci gaba da aikinta.

Yau kwana talatin da takwas da rasuwarta, jibi sadakar arba'in. Da safiyar nan masai ya dawo da abin da aka ba shi ajiya. Ya ɓullo ta makewayi, ya ratsa tsakar gida, ya kwanta baƙi ƙirin a gindin mangwaron da ake shimfiɗa wa masu gaisuwa tabarmi. Babban ɗan Sambu ya riga ya bugo waya, ya ce a mai da sadakar gidansa can unguwar Kalaban. Sambu bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai ya kira abokin wasansa Zumana Balo, mai motar yasar masai, jinin maƙera, wanda kakanninsa da Fulanin gidan Jakite suke zagin juna tun Bamako tana ƙauye.

"Ya ƙarin haƙuri? Allah ya kai haske kabarinta," in ji Zumana daga bakin ƙofa, yana ɗaure hanci da ƙyalle. "Kai, bawana! Tun daga kwalta na gane gidanka, ban tambayi kowa ba."

"Shigo, maƙeri. Warin gidanku ne ya riga ka isowa."

"Mu wake muke ci, ba mu taɓa ɓoyewa ba. Ku da kuke cewa nono kawai kuke sha, wannan duk nonon ne?"

"Baƙi ne. Rabinsu danginka, sun zo gaisuwa sun ƙi tashi sai da suka ga gindin tukunya."

"Hau kan bulon can, kada ka jiƙa sandunan nan biyu da kake kira ƙafafu. Ka kuma gaya wa mata, yau ba girki a tsakar gida, ba mai taka ruwan nan ba takalmi."

Mutanen Zumana biyu suka jawo tiyo daga mota, suka ɓamɓare murfin ramin. Zumana ya hana kowa leƙawa sai da iskar ciki ta fita. Inji ya kama ruri. Shi kuma ya sa safar roba har gwiwar hannu, ya zura dogon ƙarfe a bututun da ya taso daga madafa, yana murzawa yana ja, har ya fito da wani curi fari-fari kamar sabulu.

"Zo ka ga dukiyarka. Ka san wannan?"

"Ƙwaƙwalwar maƙeri ce."

"Da ta kai haka girma da ban yi abota da kai ba. Mai ne. Man miyar zaman makoki, manyan tukwane kullum, ana juye ruwansu da zafi. Ya shiga bututu ya daskare, shinkafa ta manne masa, ledar ruwa ta zo ta yi masa hula. Duk layin nan, gidanka kaɗai ne ban taɓa buɗe wa bututu ba. Kana tsammani albarkar Fulani ce?"

Sambu ya dubi gefen murhu. Gwangwanin yana nan, ruwan sama ya cika shi. Ya kawar da kai.

"Ramin kansa ma tun bara ya kusa cika," in ji Zumana. "Na gaya maka."

"Yaushe?"

"Ranar sunan jikarka. Na ce, Sambu, raminka ya kusa baki, bari in zo kafin damina."

"Na tuna. Na ce ka je ka yashe bakinka tukuna."

"Mutane suka yi dariya."

"Kai ma ka yi."

"To ya zan yi? Bafillace ya zage ni a gaban jama'a, in tsaya ina rantsuwa? Na sake faɗa maka bayan sallar Juma'a. Ka ce idan yunwa nake ji in faɗa kai tsaye."

"Kai ma da laifinka. Tun muna yara ba ka taɓa gaya mini magana ɗaya ta kirki ba. Ka ce kakana ɓarawon akuya ne, ka ce da goro uku aka saye ni. Ta yaya zan gane ranar da ka daina wasa?"

"Goro biyu ne. Ɗayan ma da tsutsa."

Babu wanda ya yi dariya a cikinsu. Ruwan ya fara janyewa, yana barin baƙin laka a jikin mangwaro.

"Zumana," in ji Sambu, kuma ya daɗe rabon da ya kira shi da sunansa. "Jibi fa? Idan ba zai yiwu ba, ka gaya mini in kira ɗana."

"Ce ni ne ubangidanka."

"Allah ya sawwaƙe."

"To ku tafi Kalaban. A yi wa Korotumu addu'a a ƙarƙashin fanka, a gidan da ko kwana ɗaya ba ta taɓa yi a ciki ba."

Sambu ya dubi inuwar mangwaron, inda take zama tsinar shinkafa. "Kai ne."

"Inji yana ƙara, ban ji ba."

"Kai ne ubangidana, baƙin maƙeri, maci wake!"

Zumana ya ƙyalƙyale da dariya har ƙyallen ya zame masa. "Shaidu sun ji. Sawu biyu motar za ta yi yau. Mu kankare ƙasar da ruwan ya taɓa, a ƙone tabarmin nan, a wanke daɓe da magani, a barbaɗa farar ƙasa. Gobe in kawo maka sabon yashi. Jibi liman zai zauna a nan, ba warin da zai ji sai naka."

Sambu ya yi murmushi, bai daɗe da shi ba. "Sau biyu ka faɗa. Da wani a gidan nan ya ji ka..."

"An ji ni."

Zumana ya cire safar, ya wanke hannu, ya yi gaba. Sambu ya bi shi bayan madafa, wurin da ya manta rabonsa da takawa. Can Zumana ya ɗaga wani tsohon kwanon rufi da aka danne da dutse. Rami ne a ƙarƙashi, zagayayye, an gyara bakinsa tsaf. A gefe ga tarin duwatsu, manya daban, ƙanana daban.

"Ta same ni har gareji," in ji Zumana. "Ta tambayi yadda za a raba ruwan wanke-wanke da masai. Na ce a haƙa masa nasa ramin, a cika da dutse. Na ce in turo mutane, ta ce a'a, Sambu zai mai da shi abin dariya. Sai ta riƙa yi kaɗan-kaɗan, idan ka fita kasuwa."

Fartanyar da Korotumu take haƙa da ita tana ciki, a jingine, tsatsa ta fara cin bakinta.

"Har ina ka ce mata ta haƙa?" in ji Sambu.

"Har ƙirji."

Sambu ya tuɓe takalmansa, ya sauka a hankali, ya tsaya a ciki. Bakin ramin iyakar gwiwarsa.