Gwaggo Ta Rasu da Jan Kaset a Bakinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Maiguga na bakin layi yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da masu kawo wanki, da masu zuwa zaman benci waɗanda ba su taɓa kawo ko hankici ba, rasuwar rakodarsa wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ne a kan kantarta da ke saman teburin guga, da rana tsaka, a gaban manyan mutane masu gemu, kuma da sa hannunsu.

Marigayiya ta zo shagon tun Maiguga yana da gashi a tsakar kansa. Ta ga zamanin dutsen guga na gawayi, ta ga zuwan na lantarki, ta sha tururi da ƙamshin sitati har fentin jikinta ya koɗe. Eriyarta ta karye aka dasa mata ƙarfen rataye kaya, ba ta yi fushi ba. Murfin batirinta ya ɓace aka ɗaure wurin da roba, ta ci gaba da aikinta. Mai kunya ce. Ba ta taɓa fara waƙa da garaje ba, sai ta ja numfashi tukuna, shhhhh, kamar mai neman izini, sannan ta buɗe baki. In ta kai ƙarshen gefe ɗaya sai ta ce ƙwas, ta yi shiru, ta jira a juya mata kaset. Ba ta taɓa katse waƙa don ta tallata wa kowa sabulu ba, ba ta kuma taɓa yin ƙara a tsakiyar baiti wai ana kiran wani ba.

A ƙarƙashin inuwarta majalisar masu sauraro ta girma. Kullum da yamma, in rana ta sauka daga kan rumfa, sai benci ya cika. Dokar wurin ɗaya ce, kuma Maiguga ne ya kafa ta: duk kaset ɗin da aka sa, sai an ji gefensa tun daga fari har ƙarshe. Ba magana, ba tsallake waƙa. Mai gardama ya riƙe gardamarsa a baki har Gwaggo ta ce ƙwas, sannan a ba hammata iska da fatar baki yayin da ake juya kaset. Don kada shaiɗan ya raya wa wani yatsa wani abu, Maiguga ya manne maɓallin tura waƙa gaba da filasta tun shekarun farko. A ganinsa, wanda ya tsallake waƙar mutum daidai yake da wanda ya tashi ya bar dattijo yana tsakiyar magana.

Babbar gardamar da majalisa ta tsufa a kanta ita ce ta mawaƙin nan mai dasasshiyar murya da kasetocinsa biyu, Ja da Fari. A Jan Kaset ba komai sai muryarsa da jita ɗaya da ganga ɗaya, har ana jin kukan kujerar da yake zaune a kai. A Farin Kaset kuwa an kawo masa fiyano da 'yan amshi, an ƙara wa kiɗan gudu. Maiguga ɗan Ja ne na a mutu. Cewa yake an zuba wa Farin Kaset sitati har waƙar ta kasa lanƙwasa. Jagoran 'yan Fari kuwa shi ne Direba, ƙanin matarsa, mutumin da ko gaisuwa da gudu yake yin ta. Shi kuma cewa yake Jan Kaset motar kaya ce a kan tudu, sai nishi ba tafiya. Wanda ke sanyaya wa Maiguga rai a duk benci shi ne Kafinta, amininsa, ɗan Ja tun farko. Ba shi da yawan surutu. Da an kai waƙar tsakiya sai ya lumshe ido yana gyaɗa kai a hankali, Maiguga ya nuna shi da haɓa, wato ku kalli wanda ya san waƙa.

Waƙar tsakiyar nan ita ce zuciyar Jan Kaset. Doguwa ce, mai sanyi, inda mawaƙin yake kiran mahaifinsa da ya yi tafiya bai dawo ba. Akwai wurin da jita ke ɗaukewa, ganga ta ɗauke, ba a jin komai sai numfashin mutumin, sannan murya ta dawo a karye. A daidai nan Maiguga yake tsayar da dutsen guga a kan gindinsa, ko da rigar ango ce a kan tebur. Ya sha faɗa cewa ranar da aka fahimci wannan shirun, ranar gardama za ta ƙare. Abin da ya zauna yana jira ke nan shekara da shekaru.

Gaskiya ne marigayiya ta yi fama da larurar tsufa. In wuta ta yi ƙasa sai muryarta ta riƙa ja, wani lokaci sai an ɗan tallabe ta da kwalin sabulu kafin lasifikarta ta hagu ta amsa. Amma ba tsufa ne ya kashe ta ba, kuma mai wannan sanarwa ba zai bari a ɗora wa tsufa laifin da bai yi ba.

A ranar da abin ya faru, majalisa ta haɗu da wuri domin Direba bai fita aiki ba. Jan Kaset ne a ciki. Ana dab da shiga waƙar tsakiya wata mota ta tsaya a tsallaken titi, mai kaya ya yi hon, Maiguga ya ɗauki ɗaurin riguna ya fita. Bai gama tsallaka titi ba Direba ya miƙe, ya sa farce ya ɓamɓare filastar nan, ya danna maɓallin tura waƙa gaba ba tare da ya tsayar da Gwaggo ba ma. Maɓallin da bai taɓa motsi ba tun ƙuruciyarsa ya shige ciki, ya ƙi dawowa. Gwaggo ta yi ƙurrrr, ta fara cin zaren kaset. Maimakon a zare wuta a kira mai ita, sai aka shiga magani. Wani ya mare ta a ƙeya. Wani ya zura mata sukudireba a baki. Direba ya ruga motarsa ya ɗebo baƙin mai, ya ɗura mata ta ƙofar kaset, wai haka yake yi wa ƙofar mota in ta cije. Garin neman gira aka rasa ido.

Maiguga ya dawo ya tarar da zaren kaset yana lilo daga bakinta, baƙin mai yana ɗiga a kan farar rigar wani bawan Allah da aka gama gogewa. Ya ji kalamanta na ƙarshe da kunnensa. Muryar mawaƙin ce ta fito a murɗe, wooo, wuuu, wu, sannan ƙit. Ko ƙwas ɗinta na sallama ba a bari ta yi ba.

"Yaya, Allah ya sani ba kisa na yi niyya ba," in ji Direba, yana goge hannunsa da tsumman guga. "Waƙar ce ta ƙi ƙarewa. Shekara nawa ana sa mu jin mutum yana numfashi?"

An garzaya da ita wurin mai gyara a rungume cikin zanin gado. Ya duba, ya shinshina, ya girgiza kai, ya ce an daina ƙera kayan cikinta tun yana koyon aiki. Ya ce in ana son kaset ɗin sai an fasa ƙirjinta, kuma ko an fasa, zaren ya tsinke gida-gida ya jiƙe da mai. Maiguga ya naɗe ta ya dawo da ita a ƙafa.

A gida ma bai sami mai taya shi kuka ba. "Baban yara, ƙarfe ne fa da roba," in ji maiɗakinsa. "Direba kuwa ciki ɗaya muka fito. Ka ƙi cin abinci a kan rakoda, gobe me za ka yi in ni ce?"

Da a nan abin ya tsaya, da an ce ƙaddara. Amma ana kukan targaɗe sai ga karaya. Washegari majalisa ta zo ta'aziyya, aka jeru a benci ana sunkuyar da kai. Ba a gama cewa Allah ya ba da haƙuri ba Direba ya zaro waya daga aljihu, ya shafa fuskarta, ya ce, "Yaya, kwantar da hankalinka, ga Jan Kaset ɗinka nan gaba ɗaya, ko sisi ban biya ba." Sai ga muryar mawaƙin tana fitowa daga ɗan ramin waya, siririya, an wanke ta tas, ba shhhhh, ba kukan kujera. Kafin baitin farko ya sauka babban yatsan Direba ya share waƙar, ta biyu ta shigo. Wani ya ce a sa mai ganga. Wani ya ce a'a, a nemo ta Farin Kaset. Kowa ya zaro tasa wayar. Kafin dutsen guga ya yi zafi an gama da kaset ɗin da mutum ya zuba ransa a ciki, an koma kallon wani yana faɗowa daga kan babur ana dariya. Tir! A gaban gawa, ko ƙyalle ba a rufa mata ba.

Maiguga ya juya wajen Kafinta, mutum ɗaya da ya rage masa. Ya ce masa ya gaya wa waɗannan mutanen abin da ke cikin waƙar tsakiya, shi da yake lumshe ido yana gyaɗa kai. Kafinta ya sosa ƙeya, ya kalli ƙasa.

"Abokina, tunda magana ta zo nan, gara in faɗa maka. Ni fa barci nake yi. Na yini ina jan zarto, da an kai wurin nan mai shiru sai ido ya rufe. Ban taɓa jin ƙarshenta ba. Kuma jiya ni na tsaya a ƙofa ina duba ko ka juyo."

Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Shekarun nan duka Maiguga yana kafa hujja da gyangyaɗi. Ya tsaya da dutsen guga a hannu yana kallon benci, ya ji ƙyamar kowane kunne da ke kansa. Ashe shi kaɗai yake sauraro, shi da Gwaggo. Sauran iskar fanka suke zuwa sha da shayin da ba su saya ba.

Marigayiya ta rasu ta bar kwali guda na marayun kasetoci waɗanda ba su da inda za su kuma yin magana. Ta bar tsohon biro da ake naɗe zare da shi, wanda yanzu ba ya rubutu kuma ba shi da aiki. Ta bar ƙyallen da ake lulluɓa mata in za a rufe shago, da ramin ƙura mai siffarta a kan kantar shago. Ta bar Farin Kaset, lafiyarsa ƙalau ko ƙwarzane babu, domin mugun iri ba ya mutuwa da wuri. Ta bar Maiguga, wanda yanzu yake guga ba abin da yake ji sai hucin tururi. Jan Kaset ba ya cikin masu rai, ya bi ta.

Ana roƙon masu sayen tsofaffin ƙarafa da su daina leƙowa. Wanda ya zo shekaranjiya ya ɗaga ta da hannu ɗaya yana auna nauyinta, an gane fuskarsa, kada ya sake bin layin. Haka kuma ba a karɓar gudummawar sabuwar lasifika mai haɗuwa da waya. Wadda Direba ya aiko an mayar masa a kwalinta.

Za a yi mata sutura ranar hutu mai zuwa da yamma, a cikin shagon. Za a goge ta da tsumma mai laushi, a naɗe ta cikin farin ƙyallen da Maiguga zai wanke ya goge da hannunsa, a sa ta cikin akwatin da Kafinta zai ƙera kyauta, tunda ya sha barci ya huta. Direba ne zai ɗauki akwatin zuwa saman sif, a hankali, in ya yi sauri a sauko da shi a sake. Za a ajiye bokitin wanki a bakin ƙofa, kowa ya zuba wayarsa a ciki kafin ya shigo.

Bayan haka za a rufe ƙofa da kwaɗo, mabuɗin ya shiga aljihun Maiguga. Tunda kaset ya tafi, shi da kansa zai rera Jan Kaset da bakinsa, daga waƙar farko har ta ƙarshe, gefe biyu, har da shirun tsakiya yadda yake. Waɗanda suka taɓa jin muryarsa sun san ba ƙaramin hukunci ba ne, maiɗakinsa ma ta ce ranar za ta je duba yayarta. An tanadi kofin ruwan sanyi domin fuskar Kafinta. Halartar 'yan benci dole ce, kuma ana shawartar Direba da kada ya wahalar da yatsansa, domin an duba jikin Maiguga sama da ƙasa, ba a sami inda ake danna shi ya tsallake ba.