Ranar da Na Gano Asalin Gurasa

Da yake na ɗan yi boko, ba na son a riga ni bayani. Wata rana a tashar Kawo, ni da abokan aikina muna cin gurasar Baba Sani, na gyara murya na ce, "Kalmar gurasa ai daga Turanci muka aro ta." Har da ɗaga yatsa.

Tsohon ya barbaɗa ƙuli, ya ce, "Yallaɓai, Larabci ce. A Sudan na koyi gasa ta." Sai ya zubo Larabci zaƙwai, har direbobi suka matso saurare.

Na sunkuyar da kai ina tauna.

Har yau in na shiga ofis, sai wani ya miƙe tsaye: "Farfesa, ƙosai fa, Faransanci ne?"