Ragon Oga a Gidan Surukai

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da "ba komai" ta kusa raba ni da aure ba. A ofishinmu da ke GRA, ni ne wanda bakinsa bai iya "a'a" ba. Tun da na sayi 'yar tsohuwar motata na zama direban kowa (ni da aka ɗauka aikin kwamfuta).

Ranar nan mahaifin Hadiza, wadda nake nema, ya ce in je gidansa a Ƙofar Ran bayan la'asar ya gan ni. Na sha shadda, na fesa turare, ina shirin fita sai oga ya kira ni.

"Ɗan biya ƙauyen Miri ka ɗauko min ragon suna mana, gobe ne sunan."

Na so in ce ina da uzuri. Abin da ya fito shi ne, "Ba komai, yallabai."

Kafin in baro Miri lokaci ya ƙure, sai na wuce gidan surukai da rago a kujerar baya. Ina zaure a durƙushe ina gaisuwa, ragon ya yi kuka. Baba ya leƙa waje, fuskarsa ta washe.

"Har da ɗawainiya haka, yaro?"

Kun san amsar da na bayar. Wallahi da kanta ta fito: "Ba komai, Baba."

Nan take aka ja rago cikin gida. Ina jin mata suna sa min albarka, ni kuwa gumi har cikin hula. Sai ga wayar oga, wai mahauci na tambaya ko ragon ya iso. Na rasa inda zan sa kaina. A ƙarshe na sunkuyar da kai na ce, "Baba, a gafarce ni, ragon nan ba nawa ba ne. Aiko ni aka yi."

Baba ya kalle ni, sannan ya ce, "To yanzu in na ba ka 'yata, wani ya ce ka ara masa ita ta yi masa wanke-wanke, 'ba komai' za ka ce?"

Da kaina na jawo ragon daga tsakar gida, yana turjewa, mata na dariya a bayan labule (Hadiza ta fi kowa).

Ranar Litinin oga ya ce in ɗauko yaransa daga makaranta. Na ce, "Yallabai, yau ba zan samu dama ba, aikina na jira." Shi kuwa "to" kawai ya ce, ya aiki direbansa. Ashe duk shekarun nan yana da direba!

Auren dai an ɗaura, kuma yanzu "a'a" tana fita daga bakina lafiya lau. Amma har gobe a Ƙofar Ran, Mai Ragon Aro suke kirana.