Tauraron da Na Gano a Harra

Abubuwa da yawa na zamana a Madina sun gushe mini, har da rabin nahawun da aka tura ni in koyo, amma ba zan taɓa manta ranar da na zama masanin 'yan ƙwallo masu tasowa ba.

Farkon shekarun tamanin ne, ina ɗalibi a jami'a. Hausawan garin suna da wata ƙungiyar ƙwallo wadda Ammu Bashir, wani Bahaushen Sudan mai garejin mota a unguwar Sultana, yake ɗaukar nauyinta. 'Yan wasansa sun fara ajiye tumbi, sai ya ce yana neman mai horarwa da zai zaɓo masa sabon jini daga yaran unguwa. Na ƙwallafa rai a kan muƙamin nan, don mai horarwa a gidan Ammu yake cin shinkafa da kaza duk Alhamis, ni kuwa miyar adas ta jami'a, wato ta ƙananan waken Larabawa, ta kai mini ko'ina. (Ban taɓa jefa ƙwallo a raga ba tunda aka haife ni, amma wajen sauraron sharhi a rediyo babu kamata.)

Ammu ya ce, "To, tayyib, je ka unguwar Harra bayan La'asar ka duba awlad ɗin, yaran nan, ka faɗa mana wanda zai yi."

Na je. Na cire tabarauna na tura aljihu, saboda ban taɓa ganin hoton mai horarwa da gilashi mai kaurin gindin kwalba ba. Na hau wani baƙin dutse na harɗe hannu. Can nesa yara sun tattare jallabiya suna ta gudu. A cikinsu akwai wani ɗan ƙarami da ya naɗe fuska da jan rawani, ido kawai a waje, yana yanke kowa. In ya daka tsawa har dogayen sai su nutsu. Na ce a raina, wannan da shugabanci aka haife shi.

Ran Alhamis aka shimfiɗa darduma a bakin fili, Ammu da dattawa suna shan shayi, yara suka jeru. Na miƙe, na gyara murya irin ta rediyo, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na ce dogon can yana da ƙafa amma ba kai. Mai tsaron gida kuwa yana gudun ƙwallo kamar kunama aka jefo masa. Aka yi dariya, kaina ya ƙara kumbura.

"Amma ga gobenmu," na ce. "Kai yaro mai rawani, zo nan!"

Ya tako a hankali. Na dafa kansa.

"Wannan in ya samu madara da kulawa, ranar da ya girma sai an biya kuɗi a kalle shi. Yaro, ka gaya wa babanka ya riƙa ciyar da kai sosai."

Yaron ya sa hannu ya warware rawaninsa. Ko ba tabarau na ga gemun, fari fat.

"Babana ya rasu tun ba a haife ka ba, ya ustaz," ya ce.

Ammu Bashir ya ajiye kofinsa. "Ya ustaz, in ka gama, sauke hannunka daga kan yayana."

Wallahi sai a lokacin na lura hannuna yana nan inda na ajiye shi. Ashe dattijon kullum yake fitowa ya motsa jini da 'ya'yansa, kuma mai tsaron gidan da na haɗa da kunama shi ne autansa. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar Harra dutse ce zalla.

Wani ɗan Nijar aka ba muƙamin, da kazar duka. Ni kuma na koma wa adas ɗina da sabon suna, Ustaz Madara, wanda ya bi ni har Kano.

Tun daga ranar, kafin in yi wa mutum albishir da abin da zai zama in ya girma, sai na sa tabarauna na leƙa haɓarsa tukuna.